Furen Landan da ba fure ba

Kwana uku na yi ina duban gidaje shida a kusurwar wata takarda, uku da haruffa a ciki, uku kuma fanko. Wasan shi ne wanda Turawa ke kira kuroswod, wato allon nan da ake rarrabawa gida-gida kamar na dara, wasu gidajen baƙaƙe, wasu farare, inda ake rubuta kalmomi a kwance da a tsaye suna gitta juna. Wanda nake bugawa kuwa nau'in kiriftik ne, mai ɓoyayyar ma'ana, irin wanda jaridun Birtaniya suka shahara da shi, mai gidaje 15 a tsawo da 15 a faɗi. Na cike komai, sai manuniya guda ɗaya, wato jimlar da ke nuni ga amsa, ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi. Abin da aka rubuta shi ne "Flower of London", wanda a zahiri ke nufin furen Landan, aka kuma sa lamba 6 a gaba domin a nuna yawan haruffan amsar. Kalmomin da suka gitta sun ba ni T a gida na farko, A a na uku, E a na biyar.

Tun daren farko na rubuta TEASEL da fensir, sunan wani tsiro mai ƙaya da ke fitar da fure. Haruffansa shida ne, kuma ya zauna daram a kan T da A da E ɗin da nake da su. Wanda ya leƙa takardar zai ce na gama. Ni kuwa raina bai kwanta ba, domin na kasa gaya wa kaina abin da ya haɗa wannan tsiro da birnin Landan, kuma a wannan wasa kalmar da ka kasa ba da hujjarta, ko ta shiga gidajen, zato ce kawai.

A nan ne kiriftik ya rabu da kuroswod na yau da kullum. Wanda Arthur Wynne, mutumin Liverpool, ya fara bugawa a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913, tambaya yake yi kai tsaye: a ba ka ma'ana, ka kawo kalma. Da wasan ya tsallaka teku ya isa Birtaniya, sai masu shirya shi suka fara ɗana tarko a cikin tambayoyin. Edward Powys Mathers ya fara wa jaridar Observer a 1926 da laƙabin Torquemada, sunan wani babban mai tuhumar addini na Sifaniya da ya yi ƙaurin suna wajen azabtarwa, kuma zaɓen sunan kaɗai ya isa ya nuna yadda yake kallon masu karatunsa. Da ya rasu a 1939, Derrick Macnutt ya gaje shi da laƙabin Ximenes, shi ma sunan wani mai tuhumar ne. Wanda ya biyo bayansa a 1972, Jonathan Crowther, ya kira kansa Azed, wato sunan Deza, wani mai tuhumar kuma, da aka karanto daga baya. Har sunayensu ma wasa ne da haruffa.

Abin da ya ɗauke ni watanni kafin in gane shi ne cewa yawancin manuniyoyi hanya biyu ce ke kai mutum ga amsa ɗaya. Akwai ma'ana ta zahiri, wadda kusan kullum take zaune a farkon jimlar ko a ƙarshenta, sannan akwai umarnin yadda za a gina kalmar harafi bayan harafi. Jimlar gaba ɗayanta, yadda take karantuwa kamar labari, mayafi ce kawai da aka lulluɓa domin ido ya ruɗe. Don in gwada ko na fahimci dabarar, na zauna na ƙirƙiro wasu da Hausa, kuma sai da na yi haka na ga ƙashin bayan abin sosai.

Ga ta farko: "Tafi ya rikice, a bar ɗaki", haruffa huɗu. Mai karatu zai hango taro ana tafi, abu ya lalace, ana korar mutane. Amma "ya rikice" umarni ne cewa a dagula haruffan kalmar "tafi", shi kuma "bar ɗaki" shi ne ma'anar. Amsar ita ce FITA. Ga ta biyu: "Dabbar ruwa ta ɓuya inda aka saki fili", haruffa huɗu. Kalmar "ta ɓuya" tana faɗa maka cewa amsar tana nan kwance a gabanka, kuma idan ka haɗa ƙarshen "saki" da farkon "fili" za ka tsinci KIFI. Ta uku ba ta da dagula haruffa ko kaɗan, ma'ana biyu ce aka jera: "Launi ne, rashin ruwan sama ne", amsar FARI. Wannan ta ukun ta sa na lura cewa rubutunmu na boko, da ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ma'adini ne ga mai son ɗana irin wannan tarko, domin kalmomi da yawa da kunne ke rarrabewa ido yana ganinsu abu ɗaya.

Sauran dabarun daga nan suke rassa: a juya kalma baya, a cusa wata a cikin wata, a yanke mata kai ko wutsiya, a jera gutsattsari su zama guda, ko a nemi wadda ta yi kama da wata a furuci. Kowace tana da kalmomin da ke sanar da ita, kuma da zarar ido ya saba, yana hango su daga nesa.

Akwai ɓangaren da har yanzu nake ƙorafi a kansa, wato taƙaitattun alamomin da suka dogara ga rayuwar Ingila. Kalmar "love" tana nufin harafin O, domin da ita ake kiran sifili a wasan tanis, sifili kuma ya yi kama da O. Kalmar "duck" ma O ce, domin sifili take nufi a wasan kurket. "Learner" kuwa L ce, saboda allon da mai koyon tuƙi yake liƙawa a motarsa, "sailor" ta zama AB, sarauniya kuma ta zama ER saboda Elizabeth ta Biyu. Waɗannan ba basira ke fito da su ba, hadda ce, kuma baƙo a harshen yakan sha wahalarsu fiye da yadda ya kamata. Na haddace su ne dai don dole, kamar yadda ɗalibi ke haddace jadawalin lissafi.

Duk da haka, wasan yana da adalcin da ya sa na kasa barinsa. A. F. Ritchie, wanda ya yi amfani da laƙabin Afrit, ya kafa ƙa'idar da ake yawan maimaitawa: ba dole ne mai ɗana tarko ya nufi abin da maganarsa ta yi kama da shi ba, amma dole ne ya faɗi abin da yake nufi. Macnutt ya faɗaɗa wannan tunani a littafinsa na 1966 game da fasahar kuroswod, inda ya tsaya kan cewa kowace kalma a cikin manuniya sai ta yi aiki, ba a yarda da ciko ba. Wannan ƙa'ida ce ta hana ni amincewa da TEASEL. Idan har mai shirya wasan ya rubuta Landan, to Landan tana da aikin yi, kuma tsirona bai ba ta ko ɗaya ba.

A kwana na biyu na bi duk hanyoyin da na sani, kuma duk sun toshe. Na nemi kalmar da ke nuna dagula haruffa, babu. Na bi jimlar harafi bayan harafi ko akwai abin da ya ɓuya, babu. Na ɗauki haruffan farko, na juya kalmomin baya, har na je ina bincika ko birnin yana da wani fure da aka san shi da shi. Kuskurena shi ne na nace sai na raba manuniyar gida biyu, alhali tana cikin 'yan tsirarun da ba su rabuwa, waɗanda ma'ana ɗaya ce tak aka faɗa a karkace.

A rana ta uku ba na ma tunanin wasan, ina wanke hannu ne a famfo ina kallon ruwa yana gangarawa, sai kalmar ta tsage a kaina. A Turanci "flow" na nufin gudana, ƙarin "er" kuma yana mayar da aiki ya zama mai aikatawa, kamar yadda muke cewa magini ko marubuci. Ashe ba fure ake nufi ba, ana nufin abin da ke gudana, kuma abin da ke gudana a Landan shi ne kogin Thames. T, H, A, M, E, S. Na koma da hannu jiƙe, na goge haruffa uku na rubuta wasu uku, har takardar ta ɗan yage. Abin da ya fi ba ni haushi, ya kuma fi ba ni dariya, shi ne daga baya na gano cewa wannan tsohon tarko ne da duk wanda ya daɗe a wasan ya sani, kamar kacici-kacicin da kowane yaro ya ji sai kai.

Mako guda bayan haka na ci karo da kalmar "banker" a wata manuniya mai haruffa biyar da ta ambaci Faris. Na fara tunanin ma'aikacin banki, sai na tuna cewa "bank" gaɓar kogi ce kuma, na rubuta SEINE, kogin da ya ratsa birnin, wannan karon da biro.