Yini guda a tudun yashi da Lotus creticus

Talata, 3 ga Yuni. Gaɓar Bahar Rum, gabashin Sifaniya.

Aikin duba tsirran tudun ya fara da hantsi, kafin yashi ya ɗau zafi. An ja igiya daga inda ruwan teku ke tsayawa zuwa bayan tudu, ana ajiye firam mai faɗin mita ɗaya bayan kowace mita biyar, ana rubuta abin da ya faɗo ciki. Kusa da ruwa fayau ne, sai 'yan tsirrai jefi-jefi. A ƙoƙuwar tudu doguwar ciyawar nan Ammophila arenaria ce ke mulki. Tsakanin gindinta, da kuma gangaren da ya ba teku baya, nan Lotus creticus ya shimfiɗa kamar tabarma, launin toka mai walƙiyar azurfa.

Ɗan gidan wake ne. Masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa masa wannan suna a 1753 don tsibirin Kirit, amma ana samunsa a yashin gaɓa daga Fotugal da Maroko har Masar. Ba ya mutuwa da ƙarewar shekara, gindinsa kan yi tauri kamar ice, rassan kuwa kwanciya suke yi, tsayinsu bai cika wuce gwiwa ba ko an miƙar da su.

Ana ce masa mai ganye uku, kuma nan ne sabon shiga ke ruɗewa. A kawo gilashin ƙara girma a ƙirga: uku ne a bakin sandar ganyen, biyu kuma suna manne a gindinta, dab da reshe. Biyar ke nan. Wanda ya tsaya a ukun zai iya haɗa shi da Medicago marina, maƙwabcinsa a wannan yashi, mai rawayan fure da farin gashi shi ma. Kwanso ne ke raba gardama. Na Medicago a naɗe yake kamar dodon koɗi, na Lotus kuwa miƙaƙƙe ne siriri, santimita 2 zuwa 4, kuma da yake 'yan kwanson suna fitowa daga wuri ɗaya suna bajewa, sai su yi kama da ƙafar tsuntsu.

Gashin da ya lulluɓe ganyen ba ado ba ne. Yana mayar da wani ɓangare na hasken rana, yana rage gudun iska a fatar ganye don kada ruwa ya tsere, yana kuma tare feshin teku. Ruwan Bahar Rum na ɗauke da gishiri wajen giram 38 a kowace lita, iska kuwa ba ta fasa watsa shi kan tudu. Duk da haka a yau an ga rassan da ke fuskantar teku sun fi gajarta, bakin ganyensu a ƙone.

Furen ya kusa ƙarewa, ganiyarsa watannin Maris zuwa Mayu ne, amma saura sun isa a ga yadda ƙudan zuma ke aiki da shi. Furen kashi uku gare shi: tuta a sama, fikafikai biyu a gefe, sai kwale-kwale a ƙasa mai tsinin baki. Garin fure yana taruwa a cikin wannan tsinin. Da ƙuda ya sauka ya danna, sai garin ya fito ta bakin kamar an matsa man goge haƙori, ya shafe masa ciki. Ana iya gwadawa da tsinke, a danna a hankali.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne duba saiwa, kuma a ganina nan darajar tsiron take. Yashin gaɓa ba shi da abinci, naitirojin ɗinsa kaɗan ne, ɗan abin da ya samu ma ruwan sama ya wanke. Iska kuwa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, sai dai tsiro ba ya iya cinta kai tsaye. Bakteriyar da ke zaune cikin 'yan ƙulle-ƙullen saiwar ce ke sarrafa ta, shi kuma yana biyan ta da sukari. Ba a tumɓuke tsiron don a gani, ƙulle-ƙullen za su tsinke su zauna a ƙasa, a ɗauka babu. Da hannu ake yaye yashi daga gefe ɗaya, zurfin santimita 15 zuwa 20, a ciro ƙulli ɗaya a tsaga da reza. Ja-ja ko ruwan hoda a ciki, yana aiki. Kore ko baƙi-baƙi, ya tsufa ya daina. Sai a mayar da yashin a danne, in ba haka ba saiwar ta bushe kafin la'asar. Ganyen da ya kaɗe da saiwar da ta ruɓe su ne takin da wasu tsirrai ke samu su kafu daga baya.

Da rana ta take aka koma tara iri, bisa izinin masu kula da wurin. Kwanson da ya yi ruwan ƙasa ake tsinka. Kore bai nuna ba, wanda ya bushe ƙayau kuma da an taɓa shi zai fashe, ɓawonsa biyu su murɗe su harba 'ya'yan cikin yashi. A ambulan takarda ake zubawa. Leda tana riƙe gumi, kwana biyu sai fumfuna. Ba a ɗebe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da gindi ɗaya ya yi.

Irin yana da taurin fata, ruwa ba ya ratsa shi, shi ya sa wanda ya shuka haka nan zai yi ta jira. A goga shi tsakanin samfefa biyu na 'yan daƙiƙu, a jiƙa kwana ɗaya. Wanda ya kumbura ya shirya, wanda bai kumbura ba a sake goga shi. In an zarce da guga har farin da ke cikin irin ya bayyana, an raunata shi, ruɓewa zai yi. Zurfin rabin santimita ya isa, cikin yashin da aka gauraya da ɗan na gindin uwar don a samu bakteriyar. Yawan ban ruwa ya fi ƙishi kashe shi.

A ƙarshen igiya an tarar da Carpobrotus edulis, baƙon nan mai kaurin ganye daga Afirka ta Kudu, ya rufe wani yanki ruf, babu Lotus ko ɗaya a ƙarƙashinsa. An kafa turaku a kewayensa. Gobe da safe za a cire shi da hannu har da busasshen ganyen da ya tara a ƙasa, domin 'ya'yansa na nan ciki, kuma guntun reshe ɗaya in an bari sai ya sake kamawa.