Ba wanda ya tambaye ni ko ni waye kafin a ba ni satifiket

Da na ɗora shafina na intanet a kan sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shi, burauzar Chrome ya riƙa nuna wa masu shiga cewa babu tsaro. Haka yake yi wa duk shafin da ba shi da HTTPS, wato tsarin ɓoye saƙo tsakanin burauza da shafi, tun Yulin 2018. Sai na nemi satifiket, wato shaidar dijital da HTTPS ke buƙata, daga hukumar Let's Encrypt, wadda ke bayarwa kyauta, ta hanyar manhajar Certbot.

Certbot ta ƙirƙiri mabuɗan dijital biyu. Na sirri ya zauna a sabar, na fili ya tafi cikin buƙatar. Let's Encrypt ta nemi a ajiye wani ɗan fayil a shafin, ta leƙo ta gan shi, ta sa hannu. Shi ke nan fa. Ba katin shaida, ba takardar rajistar kamfani. Iyakar abin da ta shaida shi ne sunan shafin nan yana hannun mai wannan mabuɗi.

Daga baya na buɗe satifiket ɗin don in ga cikinsa. Wani satifiket na tsakiya ne ya sa masa hannu, shi kuma wanda ya sa masa hannu wani satifiket ne na tushe da ya zo cikin jerin amintattun na'urar tun daga masana'anta. Burauza tana bin silsilar nan kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi, tana duba suna da wa'adi, in guda ya karye ta yi gargaɗi.

Wannan ya hana wani ya tsaya tsakani ya yi shigar shafina. Amma ɗan damfara ma zai iya sayen suna mai kama da na banki, ya sami nasa satifiket cikin mintuna, alamar kwaɗon kulle ta fito masa tsaf a burauzar da ke nuna ta. Ina ganin daidai Chrome ya yi da ya cire alamar a 2023, don mutane sun ɗauke ta a matsayin shaidar gaskiyar mai shafi.

Masu sa hannun ma ana iya cin su. A 2011 aka kutsa kamfanin DigiNotar na Holan, aka fitar da satifiket na bogi da sunan Google, aka leƙa saƙonnin mutane a Iran. Burauzoji suka soke amincewa da shi, kamfanin ya durƙushe. Yanzu ana shigar da kowane satifiket cikin kundin da kowa zai iya dubawa, kuma nakan nemi sunan shafina a ciki lokaci-lokaci don in ga ko an fitar da wani ba da sanina ba.

Satifiket ɗina na kwana 90 ne, don haka na bar Certbot tana sabunta shi da kanta.