Jinyar tamowa a kangon baƙi

A daminar 2021 na fara zuwa wurin. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti cikin birnin Katsina, aikina awon ciki da rigakafin yara. Maƙwabciyata ce ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Malama, akwai baƙi a kangon bayan makarantar allo, yaransu sai gudawa suke. Ko za ki leƙa?" Bayan la'asar na ɗauki jakata na tafi.

Gini ne da aka kai linta aka bari, ɗaki biyu kaɗai ke da rufi. Buhunan taki aka ɗinke aka rataya a madadin ƙofa. Mutanen ƙauyukan Batsari ne, kusan duka mata da yara. Mazan kuwa, wasu an kashe, wasu suna hannun 'yan bindiga, waɗanda suka tsira suna dako a kasuwa. Idan aka ce 'yan gudun hijira, hankalin mutum kan tafi ga tantuna a jere irin na Maiduguri. Namu da na gani daga Batsari, Jibiya, Safana da Ɗanmusa ba haka suke zaune ba. A gidajen dangi suke, da kangaye, da zaurukan mutane. Mai kunya ba zai zo asibiti da hannu biyu ba, sai in ke kika bi shi har inda yake.

Kayan aikina na farko tef ɗin awon dantse ne, mai launi uku. Yaro daga wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5, idan dantsensa bai kai santimita 11.5 ba, yana cikin ja, tamowa ce mai tsanani. Daga nan zuwa 12.5 rawaya, sama da haka kore. A ranar na samu yara uku a ja. Ɗaya yarinya ce 'yar shekara biyu, a hannun kakarta, gashinta ya yi ja ya yi laushi kamar gashin masara. Uwarta na cikin waɗanda aka tafi da su daji.

Da yake tana iya cin abinci kuma ba ta da kumburi, ba sai an kwantar da ita ba. Muka yi mata rajista, kakar ta riƙa karɓo madarar tamowa duk mako, wannan ta gyaɗa mai kauri da ke cikin leda. Na bayyana mata dalla-dalla: wannan magani ne, na yarinyar ne ita kaɗai, a ba ta da ruwa mai tsabta. Ta ce ta ji.

Mako biyu, sikeli bai motsa ba. Na zo na ga wani yaro ɗan shekara biyar yana lasar ledar, raina ya ɓaci, na ɗaga murya a kan tsohuwar da a haife ta haife ni. Na ce, "Iya, so kike yarinyar nan ta mutu?" Har yau in na tuna maganar sai na ji nauyinta a ƙirjina. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Ɗiyata, zauna." Ta jawo tukunya ta buɗe mini, babu komai sai ƙanzon shekaranjiya. Ta ce, "Su huɗu ke tsaye suna kallonta tana sha. Ki gaya mani wanda zan kora."

Ban sami abin cewa ba. Na zo da takarda da sikeli, ban taɓa tambayar abin da gidan ya ci ba. Daga ranar, kafin in ɗaura wa yaro tef, sai na tambayi uwa ko an ɗora tukunya jiya.

Na kai maganar ga matan Islamiyyarmu. Wannan ta kawo tiyar gero, waccan waken suya, wata gyaɗa. Muka soya, muka kai niƙa, muka haɗa garin kunu. Dabarar da kakar ta kawo da kanta ita ce ta yi aiki: a fara dama wa sauran yaran kunu, su ƙoshi, sannan a shiga ɗaki da marar lafiyar a ba ta ledarta. Mai unguwa ya sa aka haƙa masai, wani bawan Allah ya ɗauki nauyin ruwan 'yan ga-ruwa. Na koya wa matan haɗa ruwan gishiri da sukari: ruwa lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Katin rigakafi duk an baro shi a ƙauye, wanda ya gudu cikin dare ba ya neman kati, don haka muka yi wa yaran allurar ƙyanda, tunda a cunkoso irin wannan ba ta da wuyar bazuwa.

Akwai wanda ban iya ceto ba. Uwarsa tana murna ya fara ƙiba. Na danna bayan ƙafarsa da babban yatsa na ƙirga uku, na ɗaga, ramin ya tsaya. Kumburi ne. Na rubuta mata takarda zuwa cibiyar Ƙofar Sauri, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke kwantar da yara masu tamowa, na tafi gida ina ganin na gama nawa. Sai bayan kwana uku ta je, don ba ta da kuɗin Keke Napep, ba ta kuma da wanda za ta bar wa sauran 'ya'yanta. Ya riga ya galabaita. Allah ya jiƙansa. Da MSF ta sanar a 2025 cewa yara 652 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, fuskarsa ce ta faɗo mini. Yanzu ba na miƙa takarda sai na ga kuɗin mota a hannun uwa, na kuma san sunan matar da za ta kwana da yaran.

Wani ciwon kuma ba ya hawa sikeli. Babur in ya wuce da daddare, yaran kan farka da ihu. A watan Satumba na 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, matan suka rasa ko labarin gida. Nakan zauna da su bayan magariba ba tare da na buɗe jaka ba, su yi ta ba ni labarin gonakinsu da awakinsu.

A mako na bakwai tef ya shiga kore a dantsen yarinyar. Na nuna wa kakar. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce in ba ta katin awon ta ajiye. Ta naɗe shi a leda ta ƙulle a bakin zaninta, ta ce in uwar ta dawo za ta nuna mata.