Koyar da manya yadda Turawa ke cewa za su tafi

Na daɗe ina koyar da Turanci a wani ajin yamma na manya a Kano, inda yawancin ɗalibaina ma'aikatan jinya ne masu shirin jarrabawar Turanci ta IELTS domin neman aiki a Ingila, sai kuma 'yan kasuwa masu hulɗa da baƙi. A cikin darussan nahawu duka, babu wanda ya fi ba mu aiki kamar ƙananan kalmomin nan da ke shiga gaban aikatau su nuna tilas ko dacewa ko bukata, wato must da should da have to da need to da 'yan uwansu. Littattafai sukan jera su a jadawali, kowace da ma'anarta a gefe, ɗalibi ya haddace ya ci jarrabawa, amma da zarar ya tashi barin wurin mutane sai ya zaɓi wadda za ta sa a ɗauke shi marar ladabi. Saboda haka na ajiye jadawalin, na gina darasin gaba ɗaya a kan abu guda da kowa ke yi kullum, wato yin sallama a tafi.

Abin da na lura da shi tun farko shi ne, mai sauraro Bature yana neman ya ji daga ina matsin tafiyar ya fito. Idan mutum ya ce "I have to go", ya nuna cewa wani abu daga waje ne ya tilasta masa, ko aiki, ko mota, ko lokaci. Idan ya ce "I should go", ya san tafiyar ce ta dace, amma ya bar ƙofa a buɗe, ana iya roƙonsa ya ƙara zama. Idan kuwa ya ce "I want to go", to ya ɗora abin kacokan a kan ransa, kuma mai gida zai iya fahimtar cewa zaman ne ya gundure shi. Masana nahawu ba sa lissafa want cikin ainihin wannan rukuni, amma ba na raba su a aji, domin a bakin mai magana wuri ɗaya suke takara.

Wata rana na sa wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ta yi kamar ta kai ziyara, wata ɗaliba kuma ta zama mai masauki. Da lokacin tashi ya yi, Hajiya ta gyara mayafinta, ta ɗauki jaka, ta ce, "I want to go now." Sai na tambaye ta, "Hajiya, idan kin je gidan surukanki, haka kike cewa, ina so in tafi?" Ta riƙe haɓa ta ce, "Haba Malam, wa zai faɗi haka? Ai sai in ce bari in koma, magariba ta gabato, na bar yara su kaɗai." Na ce mata abin da ta yi ke nan Turawa ma ke yi, ta ɗora wa magariba da yara laifin tashinta domin kada masu gida su ji wani iri. Daga nan ajin ya kama "I'd better get going" da "I should be heading home" cikin sauƙi, saboda dabarar tana hannunsu tun suna yara, suturarta kawai aka sauya. Na kuma nuna musu cewa idan son rai ne da gaske ake son bayyanawa ga shugaba a wurin aiki, ko ga mai sayar da tikiti, "I would like to go" ce mai ladabi.

Must ta fi cin lokacinmu. A makaranta an koya mana cewa ita ce dole, don haka ɗalibai suke zuba ta a ko'ina. Ma'aikaciyar jinya da ta ce wa majiyyaci "You must come with me" ta yi magana ne da muryar ɗan sanda, alhali "I need you to come with me" za ta isar da saƙon ba tare da tsoratarwa ba. Kalmar ma tana ja baya a bakin masu harshen. Geoffrey Leech na Jami'ar Lancaster ya kwatanta tarin rubuce-rubucen Turancin Birtaniya da na Amurka na shekarar 1961 da na farkon shekarun 1990, ya tarar amfani da must ya ragu sosai, yayin da need to ta ƙaru. Inda must ta fi zama daram shi ne a allunan sanarwa da rubutattun dokoki, sai kuma gayyata ta ƙauna irin "You must come and see us", wadda ba umarni ba ce ko kaɗan. Wasu manya a Ingila har yanzu suna cewa "I must be going", kuma tana da daɗin ji, amma ban taɓa ba ɗalibi shawarar ya fara da ita ba.

Wurin korewa, wato idan aka shigo da not, nan ne ba na sassautawa, domin a asibiti kuskure a nan yana iya cutar da mutum. "You mustn't go" hani ne, kada ka tafi. "You don't have to go" kuwa zaɓi ne, ba dole ne ka tafi ba. Kalmomin biyu da suka yi kusa da juna a tabbatarwa sun raba hanya a korewa, kuma ɗalibin da bai riƙe wannan ba zai iya gaya wa majiyyacin da aka hana tashi daga gado cewa tashin ra'ayinsa ne. A lokacin da ya wuce ma must ba ta da siffa, sai a koma ga "I had to go".

Akwai kuma abin da littattafan jarrabawa ba su cika ambata ba. Idan yaro ko tsoho a kan gado ya ce "I need to go" bai faɗi wuri ba, galibi ban ɗaki yake nufi, kuma cikin gaggawa. Na nanata wa ma'aikatan jinya wannan, na kuma gaya musu cewa "ease myself" da muka saba da ita a Najeriya ba lalle a gane ta a can ba.

Kunne ma yana bukatar horo dabam. Ɗalibin da ya iya rubuta "I have got to go" yakan rasa gane ta idan ta fito daga bakin Bature a matsayin "gotta go", haka "want to" takan zama "wanna", "I had better go" kuma ta taƙaita zuwa "better go". Mukan saurari hirarrakin rediyo, in tsayar da sauti, su rubuta cikakkiyar jimlar, kuma ban taɓa neman su kwaikwayi wannan haɗiyar ba, in dai sun gane ta ya wadatar. Game da had better nakan ƙara gargaɗi ɗaya. A kan kai tana da taushi, amma idan aka juya ta ga wani, aka ce "You'd better go", tana ɗauke da kashedin cewa wani abu marar daɗi zai biyo baya idan bai tafi ba. Shi ya sa nake hana ɗalibaina faɗa wa shugabansu ko dangin majiyyaci ita, in koya musu "You might want to go now" a madadinta.