Daƙiƙa uku bayan faɗuwar ɗan wasa

A shekarar ƙarshe ta karatuna na kimiyyar kwamfuta a Gusau, na zaɓi in gina ƙaramin wasan harbi wanda mutum huɗu za su buga tare, kowa a kan tasa kwamfutar. Na yi amfani da Godot, manhajar gina wasanni, saboda kyauta ce, kuma ba ta yi wa tsohuwar kwamfutata nauyi. Na shafe watanni ina gyara tafiyar ɗan wasa da saitin bindiga da lungunan fili, amma abin da zai faru idan harsashi ya kayar da mutum ko yini guda ban ba shi ba. Allo ya yi baƙi, bayan daƙiƙa uku mutum ya sake bayyana a wani wuri, shi ke nan.

Wani mai shagon gem a Tudun Wada ya ba ni aron kwamfutoci huɗu domin gwaji, kuma ba a yi rabin awa ba sai musu ya kaure tsakanin yaran da na tara. Ƙanena ya ture linzamin kwamfuta ya ce, "Yaya, wasan nan naka da cuta a ciki. Babu kowa a gabana, kawai sai na ga duhu." Da na duba bayanan wasan sai na ga daga kan rufi aka harbe shi ta baya, harbi na halal. Wasan ya yi masa adalci amma bai nuna masa adalcin ba, kuma wanda aka kayar bai ga dalili ba, ko dai ya zargi abokinsa da maguɗi ko ya zargi wasan. A ranar na gane cewa duk wanda ya faɗi yana da tambaya uku a ransa: wa ya harbe ni, daga ina, kuma da me?

Malamin da ke duba aikina ya ce in je in ga yadda magabata a wannan sana'a suka yi. Abin da na tarar ya ba ni kunya, domin tun a 1993 wasan Doom na kamfanin id Software ya amsa rabin tambayar: idan ɗan wasa ya mutu, kyamara, wato idon da yake kallon fili da shi, tana sauka ƙasa, sannan ta juya a hankali ta fuskanci wanda ya kashe shi. A Quake na 1996 kyamarar tana kifewa gefe guda kamar kan mutumin da ya kwanta a ƙasa. Call of Duty na 2003 ya shahara da maimaicin kisa, inda ake nuna wa wanda ya faɗi daƙiƙun ƙarshe ta idon wanda ya harbe shi. Wanda ya fi burge ni shi ne Team Fortress 2 na kamfanin Valve, wanda ya fito a 2007: kyamara ta zabura zuwa wurin makashin, hoto ya daskare a kansa, a nuna sunansa da sauran lafiyar da ta rage masa. Idan mutum ya ga saura ƙiris ya kayar da abokin karawarsa, haushinsa yakan koma ƙwarin gwiwa.

Daga nan sai na wuce gona da iri. Na sa allo ya rine ja, kyamara ta yi ta girgiza, jini ya fantsama, haske ya riƙa walƙiya. A gwaji na biyu yaro ɗaya ya ce jiri yake ji, saura kuma har yanzu ba su san wanda ya harbe su ba, domin adon ya rufe bayanin. Daga baya na karanta ƙa'idar da masu tsara shafukan intanet suke bi, cewa kada haske ya yi walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa ɗaya, musamman jan haske, saboda yana iya tayar wa masu farfaɗiya ciwonsu. Na cire walƙiyar a daren nan.

Jinin kuwa wani dalili ne ya sa na cire shi. Cikin yaran akwai wanda iyayensa suka baro ƙauyensu saboda hare-haren 'yan bindiga, kuma na lura duk sa'ad da allo ya rine ja sai ya kawar da kai ya yi shiru. Bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaye shi ba. A Zamfara ƙarar bindiga ba labari ba ce da ake ji daga nesa, kuma wanda zai gina irin wannan wasa a nan dole ya tuna su wa za su zauna a gabansa. Na mayar da allon yadda launuka za su dushe su koma toka-toka, sauti ya yi ƙasa, kuma saƙon ya isa ba tare da ɗigon jini ba.

Maimaicin kisa shi ya fi ba ni wahala, kuma a kansa na fi ƙaruwa. Da na ɗauka bidiyo ne ake ɗauka daga allon makashi, ashe sake gina abin da ya faru ake yi daga bayanan da uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da wasan, ta adana game da matsayin kowa. Saƙo tsakanin kwamfutar ɗan wasa da uwar garke yana ɗaukar lokaci kafin ya isa, saboda haka abin da mai harbi ya gani da abin da wanda aka harba ya gani ba sa zama daidai. Wasanni da yawa suna sa uwar garke ta koma baya kaɗan ta duba inda mutum yake a allon mai harbi lokacin da ya danna. Wannan ne ya sa masu buga Call of Duty a waya da intanet mai rauni suke rantsuwa cewa sun riga sun shige bayan bango kafin a harbe su. Gaskiya suke faɗa, shi ma mai harbin gaskiyarsa ce.

Akwai kuma haɗarin nuna abin da ya yi yawa. A Counter-Strike, wanda ya faro a 1999, wanda ya mutu yana jira har a gama zagaye, kuma a gasa ana taƙaita kallonsa ga abokan ƙungiyarsa kaɗai, don kada ya tsegunta musu maɓoyar abokan hamayya. A shagonmu, inda yara ke zaune kafaɗa da kafaɗa, da na sakar wa wanda ya faɗi kyamara sai ya fara ihu, "Ga shi can bayan tanki!"

Abin da na gabatar a ƙarshe mai sauƙi ne. Kyamara ta sauka, ta juya wajen mai harbi na daƙiƙa biyu, sunansa da makaminsa su bayyana, sannan kallo ya koma kan abokin ƙungiya. A gwajin ƙarshe an sake harbe ƙanena daga kan wannan rufin. Ya dubi allo, ya dubi yaron da ke gefensa, ya ce, "Ashe kai ne. To, jira ni in dawo."