Zauren kakanmu da buhu 12 na siminti

Shekarar da na gama karatun gine-gine, 'yan uwa suka haɗa kuɗi suka ce in je ƙauyenmu da ke bayan Ringim in gyara zauren kakanmu, in kuma ƙara ɗakin baƙi a gefensa. Ga takarda a hannu, ga ƙuruciya, ban nemi shawarar kowa ba. Na sa aka shafe bangon ciki da waje da siminti buhu 12, aka cire dogayen indararo aka sa gajerun bututun roba. Kowa ya ce ya yi kyau.

Damina biyu kacal. Shafen ya kumbura, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ganga. Wata safiya gefen gabas ya zubo, har da tubalin da ke bayansa.

Sai a lokacin na je gaida wani tsohon magini da ya yi aiki da kakanmu. Ya zo ya tura hannu cikin bangon, ya damƙo ƙasa jiƙe sharaf.

"Ɗana, ruwa ya shiga ta tsaga, ka rufe masa hanyar fita. Ƙasa da siminti ba sa ga maciji."

Na ce, "To Baba, da me ake yi?"

A wurinsa na koyi abin da ba a koya mana a aji ba. Makuba, ruwan kwasfar ɗorawa da aka jiƙa, ita ake kwaɓa ƙasar yaɓe da ita. Rufin soro kuwa laso yake so, wato shafen da ke hana ruwa shiga: ana haɗa shi da katsi (dattin da ke kwantawa a ramin marina), gashin jima (gashin da majema ke cirewa daga fata) da dafara (wani tsiro mai yauƙi). Azarar giginya gara ba ta cinta, amma ba ta ɗaukar nauyi in tazarar ta kai mita 2, shi ya sa magabata suka yi bakan gizo, wato ginin nan mai lanƙwasa da ke tallafe rufi daga ciki. Ni da na ɗauka ado ne kawai! Indararon da na raina ma, tsawonsa ne ke jefa ruwa nesa da gindin bango.

Ɗakin baƙin mun yi shi da bulo, amma Baba ya hana a jingina shi da zauren. Aka bar lungu tsakaninsu, aka juya kwanon ya zubar da ruwa ta wancan gefen.

Katsi ne ya ba mu wuya. Marinar garinmu ta mutu tun ina yaro, sai da na hau mota zuwa Kano, na je Ƙofar Mata na roƙo buhu ɗaya.