Karanta farantin da ke bayan ƙofar sef kafin ka biya

Da na tashi sayen sef na shago, wato akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi da takardu, na jijjiga shi na ji nauyi, na ƙwanƙwasa ƙofar na ji kauri, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe amsar tana jikin ɗan farantin ƙarfe da ke manne a bayan ƙofa ta ciki, mai ɗauke da sunan hukumar da ta gwada shi, irin su UL ko VdS ko ECB-S, da lambar gwajin da darajarsa. Wanda ba shi da wannan faranti, kome rantsuwar mai sayarwa, akwati ne kawai.

Gwajin ɓarawo daban yake da na gobara, kuma cin ɗaya ba ya nufin cin ɗayan. Sef ɗin gobara yawanci siraran ƙarfe biyu ne aka cika tsakaninsu da wani haɗi mai kama da siminti mai riƙe ruwa. Wuta na taɓa shi, ruwan ya zama tururi ya hana cikin ɗaukar zafi. Nauyin da na ji na wannan haɗin ne, kuma mai kurfi da guduma ba zai daɗe a kansa ba. Shi kuwa ƙarfe mai kauri zalla, ɓarawo zai sha wuya, amma a gobara tanderu yake zama.

A ɓangaren sata, ma'aunin Turai shi ne EN 1143-1, daga daraja 0 zuwa I, II, III, haka har sama. A ƙasansa akwai S1 da S2 na EN 14450, na ƙaramar ajiyar gida. Masu inshora a Ingila sukan yarda a ajiye tsabar fam 6,000 a daraja 0, fam 10,000 a I, fam 17,500 a II, fam 35,000 a III, zinare da makamantansa kuwa ninki goma. Na Amurka mintocin da sef zai jure wa mai fasa shi yake ƙirgawa: RSC minti 5, TL-15 minti 15, TL-30 minti 30. Kada kaɗancin ya razana ka. Lokacin da kayan aiki ke kan ƙarfen kaɗai ake ƙirgawa, ana canza bakin injin huda a tsayar da agogo, kuma masu gwajin ƙwararru ne da suka ga zanen sef ɗin. Abin lura, TL-30 a kan ƙofa gwajinsa ya fi ƙarfi. Sai ka ga x6 a ƙarshen lambar ne aka yi wa duk fuskoki shida gwaji iri ɗaya.

Na gobara shi ya fi ɗaukar mini lokaci, don takardun shago da na fili suna ciki. A gwajin UL 72, Class 350 na awa ɗaya yana nufin an kai tanderu digiri 927 na Salshiyas, cikin sef ɗin bai wuce 177 ba, inda takarda ba ta fara babbakewa ba. Na awa biyu ana kai shi 1,010. Amma 177 ɗin nan ya isa ya kashe filash na kwamfuta, shi sai Class 125, wato digiri 52. A Turai, S 60 P da S 120 P na EN 1047-1, wato minti 60 da minti 120 ga takarda, ana ci gaba da auna su har su huce, don zafi kan ci gaba da ratsawa ciki bayan wuta ta mutu. LFS 30 P, wani gwajin Turai mai sauƙi na minti 30, ba a yi masa haka. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, wadda ta tashi cikin dare, ya san rabin awa ba komai ba ne.

Na ɗauki mai faranti biyu, daraja I da S 60 P. Duk sef ɗin da bai kai kilo 1,000 ba sai an ɗaure shi da noti a kankare, ta ramin da kamfani ya huda, ba wanda kai ka huda ba, don sabon rami ƙofar zafi ne. In ba a ɗaure ba, mutum uku da kura sun isa su tafi da shi.

Damina ta farko na tarar takardu sun yi laushi suna warin fumfuna, danshin haɗin nan ne. Yanzu ina zuba ƙullin silika, irin na cikin kwalin sabon takalmi, ina kuma barin ƙofar a buɗe minti ashirin duk mako.